Fitilar LED ta tankin kifi: ta yi wa manyan karfasa, ta gaza a kan 'ya'ya

Farar fitilar nan mai volt 12 da ake sayarwa a kasuwar Maradi ba ta cin batir, ba ta ɗumama ruwa. Matsalarta tana idon kifi. Karfasa na da kwayoyin halitta na gado bakwai masu haɗa furotin ɗin ganin launi, wato opsin, mutum kuwa uku. Tsofaffin kwayoyi ne suka kwafu biyu, kowane kwafi ya karkata ga nasa launi, na kore kaɗai uku ne. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe suna aiki da na hasken UV, wanda idon mutum ba ya gani, wajen nanomita 360 (ma'aunin tsawon zangon haske), fitilar kuma tana farawa ne daga shuɗi, kusan 450, wato ba ta ba da UV. To sai a bar musu kafar hasken rana.

Mahaɗin wayar na tsatsa da laima, a toshe shi da silikon. Mai tarwada ya riƙe kuɗinsa, duhu take so.