Takobi da sarƙar da suka dace da ƙaramin injin yankan itace: abin da na gani cikin damina biyu

A gidanmu na Hotoro a Kano akwai darbejiya huɗu da mangwaro biyu, kuma kusan duk farkon damina sai iskar da ke zuwa gaban hadari ta karya mana reshe, wani lokaci a kan katanga, wani lokaci a bakin ƙofa inda yake tare hanyar mota. Bayan na gaji da jiran masu gatari, na sayi ƙaramin injin yankan itace na kamfanin Stihl na ƙasar Jamus, samfurin MS 180, wanda girman injinsa sisi (cc) 31.8 ne. Ba ni da ƙorafi a kan injin kansa. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne sarƙa da kuma dogon ƙarfen nan da take zagayawa a kansa, wanda zan kira takobi saboda siffarsa, domin a kansu ne alherin irin wannan inji ko wahalarsa ta rataya.

Injin ya zo da takobi mai tsawon inci 14 da siririyar sarƙa, na kuwa yi aiki da su har haƙoran sarƙar suka cinye. Da na je sayen wata, mai shagon ya ce mini: "Alhaji, tunda kana da manyan bishiyoyi, ka ɗauki takobi mai inci 18 gaba ɗaya, ka huta." Takobin ba ya ɗauke da sunan kowane kamfani, amma ya hau kan injin daidai, shi ya sa na amince. A ranar farko na ji bambanci, domin kan injin ya yi nauyi yana rinjayar hannu, kuma da zarar takobin ya nutse gaba ɗaya cikin kututturen darbejiya sai ƙarar injin ta faɗi, sarƙa ta tsaya, sai na ɗaga an sake taso da gudu. Man sarƙa ba ya isa can ƙarshe yadda ya kamata, saboda haka ƙarfen ya riƙa zafi, sarƙar tana saki bayan kowane ɗan aiki. Dalilin a fili yake idan mutum ya natsu: ƙarfin injin bai ƙaru ba, amma an ƙara masa tsawon sarƙar da zai ja da yawan haƙoran da ke cizon itace a lokaci guda. Kamfanin da ya ƙera injin ma bai ba da shawarar a wuce inci 16 a kansa ba.

Wani dattijo mai gyaran injina a wajen 'yan katako na Na'ibawa ne ya zaunar da ni ya nuna mini cewa tsawon takobi shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake dubawa, akwai lambobi uku da dole su dace da juna. Na farko shi ne tazarar sarƙa, wadda ake samu idan aka auna nisan ƙusoshi uku da ke jere a jikinta aka raba biyu. Ta irin injina ita ce 3/8 ta ƙananan injina, mai gajerun haƙora, wadda Stihl ke rubutawa 3/8 P, kuma ba ɗaya take da 3/8 ta manyan injina ba duk da kamar suna, haka nan ba ta hawa giyar inji, wato ƙarfe mai haƙora da ke jan sarƙa, wadda aka yi wa sarƙa mai tazarar .325. Na biyu shi ne kaurin harsunan sarƙa, wato 'yan ƙarafan da ke ƙasanta masu gudu cikin tsagin takobi, wanda a ƙananan injina yakan zama milimita 1.1 ko 1.3. Idan aka sa sarƙa mai 1.1 cikin tsagi mai 1.3 za ta shiga, amma za ta riƙa tangaɗi tana yanka a karkace tana cin gefen tsagin, kuma kuskure ne mai sauƙin faruwa saboda ido ba ya ganin bambancin milimita 0.2. Na uku shi ne adadin harsunan: takobin Stihl mai inci 14 yana ɗaukar 50, mai inci 16 yana ɗaukar 55, mai inci 12 kuma 44, alhali takubban wasu injina masu inci 14 ɗin nan suna ɗaukar 52. Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi "sarƙar inci 14" kawai yana iya komawa gida da wadda ba za ta ɗauru ba. Duk waɗannan lambobi suna rubuce a gindin takobi na ainihi, kusa da inda ake ɗaure noti, kuma tun daga ranar nake ɗauke da hotonsu a waya.

Abin da na tsaya a kansa, wanda kuma nake aiki da shi yau damina biyu, shi ne takobin Stihl mai inci 14 da tsagi 1.3, tare da sarƙa mai lamba 63 PM3 mai harsuna 50. Na bar siririyar 1.1 da gangan, duk da cewa gaskiya ta fi gudu a cikin ɗanyen reshe, tunda yankanta siriri ne kuma injin ba ya shan wahalar fitar da ɓarɓashi mai yawa. Sai dai mai 1.3 ta fi jure matsi idan reshe ya danne takobi, kuma a shagunan da nake zagayawa cikin gari na fi samunta cikin sauƙi. Ban sauya giyar da ke jan sarƙa ba saboda wannan canji, domin tazarar ɗaya ce. Da wannan haɗi injin yana riƙe gudunsa har ƙarshen yanka, yana zubo da ɓarɓashi manya maimakon gari, kuma nakan yi aikin safiya guda kafaɗata ba ta yi tsami ba.

Siffar haƙori ce ta fi ba ni mamaki, kuma a nan ne Kano ke da nata hukunci. Akwai sarƙa mai haƙori mai kusurwa tsaf, akwai kuma mai haƙorin da aka ɗan lanƙwasa kafaɗarsa, irin tawa. Mai kusurwar ta fi sauri a cikin itace mai tsabta, amma duk kaifinta a kan ɗan tsini ɗaya yake, da zarar ya haɗu da yashi ya dakushe shi ke nan. Bishiyoyinmu kuwa ba su da tsabta, domin ƙurar hunturu takan cika tsagogin ɓawon darbejiya har damina ta zo ta mayar da ita laka, ga rassan da suka faɗi suna kwance cikin rairayi, ga kuma ƙusoshi da wayoyin da masu talla ke kafawa a jikin bishiyoyin bakin titi, waɗanda itace ke haɗiyewa bayan shekaru. Na gwada mai kusurwa sau ɗaya a kan busasshen mangwaro, na ji daɗin yankan farko ƙwarai, amma kafin tankin fetur ɗaya ya ƙare ta fara fitar da gari. Mai lanƙwasa tana kai ni tanki biyu, wani lokaci uku, kafin ta nemi wāshi, kuma ta fi yafe wa hannun da bai ƙware da magagari ba.

Wāshin nata da zagayayyen magagari mai kaurin milimita 4 ake yi, a karkace digiri 30, kowane haƙori da adadin gogawa iri ɗaya don kada yanka ya riƙa jan gefe. Bayan wāshi uku ko huɗu nakan duba 'yan tudun da ke gaban haƙora, masu ƙayyade zurfin cizo, waɗanda ya kamata su kasance ƙasa da bakin haƙori da milimita 0.65. Nakan juya takobi sama ya koma ƙasa duk lokacin da na kwance shi, in share tsaginsa da ƙaramin ramin da mai ke bi. Mutane da yawa sun ba ni shawarar in riƙa zuba baƙin man da aka juye daga mota a matsayin man sarƙa saboda araha, amma na ƙi, domin yana ɗauke da garin ƙarfe, kuma ba shi da danƙon da zai riƙe shi a jikin sarƙa mai gudu cikin zafin watan Afrilu.

Haɗin yana da iyakarsa. Kututturen da kaurinsa ya wuce tsawon takobin sai an yanke shi ta ɓangare biyu, abin da ke buƙatar haƙuri da ido don yankan ya haɗu, kuma a nan ne mutum ya fi fuskantar haɗarin tutsun inji, wato lokacin da saman ƙarshen takobi ya taɓa itace injin ya yi tsalle ya nufo fuska. Sarƙar nan tana cikin waɗanda aka ƙera don rage wannan tutsu, gajeren takobi ma ya fi sauƙin sarrafawa, amma ba na yarda yaran gida su matso sa'ad da nake aiki, ni ma ba na yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗata. Da maƙwabcinmu ya roƙe ni in sare masa tsohon kututturen tsamiya a damina ta biyu, na duba kaurinsa na ce masa: "Malam, wannan aikin babban inji ne," domin ko da na sa mai inci 16 injin nawa ba zai ji daɗinsa ba.

Yanzu ina juya sarƙoƙi biyu iri ɗaya, ɗaya a kan inji ɗaya a wāshe cikin leda da ɗan mai, kuma idan suka ƙare zan canza su tare da giyar da ke jansu, tunda giyar da ta ci tana saurin lalata sabuwar sarƙa. Takobin kansa har yau tsaginsa bai buɗe ba, fentin jikinsa ne kawai ya goge.