Na je a cire min hoton buɗe manhaja, na dawo da SSD

Jama'a bari in ba ku labarin aikin da wani injiniya ya yi min a kasuwar Farm Centre ta Kano satin da ya wuce, don na san akwai masu shagon taifin da dizayin irina da abin nan ke ci wa tuwo a ƙwarya. Shagona yana wajen Kabuga, katin biki, kalandar amarya da ango, fosta, sai furojet ɗin ɗalibai in lokacinsa ya yi. Kwamfutar tsohuwa ce 'yar gwanjo, kuma matsalarta ɗaya: ka danna manhaja, sai wannan hoton mai tambari ya fito tsakiyar sikirin ya zauna daram, kai kana kallonsa kwastoma na kallonka. Turawa sifilash sikirin suke ce masa, ni kuwa hoton sallama nake kiransa, don kamar ka yi sallama ne a ƙofar gida yaro ya leƙo ya ce wai yana zuwa, to shikenan sai ka tsaya a zaure.

Ranar da abin ya ishe ni wata Hajiya ce ta zo gyaran suna ɗaya tak a katin ɗaurin aure, mai adaidaita na jiranta a waje yana ta hon, ni kuma ina zaune ina kallon hoto. Wallahi har ta tambaye ni ko injin ya lalace ne. Washegari na saɓi kwamfutar sai Farm Centre, niyyata kawai a cire hoton nan, don ni a lissafina shi ke cinye lokacin.

Yaron da na samu bai fi sa'an ƙanina ba amma ya san aikinsa. Ina gama bayani ya yi dariya ya ce Alhaji ai hoton ba shi da laifi, ɗan aike ne. Ya ce lokacin da kake ganinsa manhajar tana can tana kwaso kayanta daga had-dis, wato ma'ajiyar fayil, zuwa ram inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, su font (salon haruffa), su burushi, su ƙananan manhajojin da aka liƙa mata, shi hoton ƙarami ne shi ya sa yake riga kowa fitowa, aikinsa kawai ya sanar da kai an ji dannawarka kar ka sake dannawa. Nan fa na tuna sau nawa nake danna abu sau uku huɗu don haushi, daga baya su buɗe min gaba ɗaya kwamfutar ta sandare.

Ban yarda ba sai da ya gwada min a gabana, kuma nan ne ya burge ni. Ya buɗe Word da /q a ƙarshen umarnin da ake rubutawa don buɗe ta, hoto bai fito ba, ya buɗe LibreOffice da --nologo, haka nan GIMP, manhajar gyaran hoto, da --no-splash. Duk hoton ya ɓace amma jiran yana nan yadda yake, sai ma abin ya fi muni, don yanzu kana zaune shiru ba ka san ko ta ji ko ba ta ji ba. Na ce masa maida min kayana yadda suke.

Sai ya ce in karanta ɗan rubutun da ke gudu a ƙasan hoton GIMP, abin da shekara da shekaru ban taɓa kulawa ba. Ashe faɗa maka yake abin da ake lodawa. Nawa a kan font yake tsayawa ya daɗe, kuma laifina ne, duk font ɗin da na gani a filashin wani sai na kwafa, na Larabci, na ado, har waɗanda ban taɓa amfani da su ko sau ɗaya ba. Sannan GIMP ɗin nawa 2.8 ne, tun na wanda ya sayar min. Ya ce tun fitowar 2.10.4 a 2018 suka maida lodin font ɗin bayan fage, manhajar ta buɗe su kuma su ƙarasa a hankali, yanzu ma har an shiga 3.0 tun Maris 2025. Ya sabunta min, ya rage tarkacen font. Gaskiya duk manhajar da hotonta ke faɗa maka inda aka kwana ta fi min wadda za ta manna maka tambari kawai. Na Photoshop ma ashe jerin sunayen da ke jiki na waɗanda suka ƙirƙire ta ne, Thomas Knoll a farko, ni da na ɗauka wani gargaɗi ne.

Babban aikin dai shi ne SSD, wata irin ma'ajiyar fayil mai sauri da ake sawa a madadin had-dis. Had-dis ɗin da ke ciki irin mai juyawa ne 5400 a minti, faifai da allura kamar garmaho, in ana neman ƙananan fayil barkatai sai allurar ta yi ta safa da marwa. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, irin na SATA yana kai wajen 500MB a sakan. Ya sa min mai 256GB, ya kwafe komai har Windows ɗin ba tare da na rasa aikin kowa ba, kafin la'asar an gama. Yanzu hoton sallamar kafin in gyara zama ya wuce, rubutun ƙasan ma ba na samun damar karanta shi.

Inda ban ji daɗi ba kaɗan ne amma zan faɗa. Wurin zama babu, benci ɗaya ne mutum biyar a kai ga zafi ga ƙarar janareto. Kuɗin aiki bai faɗa min ba sai da ya gama, mun ɗan yi ja-in-ja kafin ya rage, don haka ku yi ciniki tun kafin a kwance noti. Kuma da na dawo shago na ga noti ɗaya babu a bayan kwamfutar, na kira shi ya ce in turo yaro ya karɓa.

Abin da ya gagare shi shi ne wata manhaja da ta zo tare da firintata. Ita hotonta in ya fito sai ya hau kan komai, ba ya matsawa ba ya rufuwa, kuma ya ƙwace kibod, kana tsakiyar taifin ɗin sunan ango sai ka ɗago ka ga rabin sunan bai shiga ba. Ya duba saitinta kaf babu wurin kashewa, iyakar abin da ya yi ya hana ta tashi da kanta in an kunna kwamfuta. Yanzu sai zan yi firintin nake buɗe ta, in bar ta ta gama sarautarta in je in sayo ruwa. Tsohon had-dis ɗin kuma ya sa min shi a kes, ina ajiye hotunan biki a ciki.