Daga Birmingham: Yadda Ake Gano Ciwon Giyar Tsohon Babur

Maigida, bayan gaisuwa da fatan kai da iyali da yaran gareji kuna lafiya. Ka tambaye ni ko gyaran babur a nan Ingila ya fi namu. Amsar ba ta zama ɗaya ba, amma bari in ba ka labarin wani aiki da na gani da idona.

Unguwar da nake, Small Heath, ita ce tsohon gidan kamfanin BSA, wanda ya daina ƙera babura tun farkon shekarun 1970. Yanzu masallatai da shagunan naman halal ne suka cika ta. Wani dattijo maƙwabcina yana da Triumph Bonneville mai inji 650, ƙirar shekarun 1960. A nan abin hawa in ya haura shekara 40 ana ɗauke masa harajin hanya da gwajin lafiyar shekara-shekara, shi ya sa tsofaffi ke lallaɓa su. Matsalar babur ɗin dattijon ɗaya ce: in ya sa giya ta biyu ya murɗa totur, sai ta fice ta koma firi, inji ya yi ta ihu a banza.

Na raka shi wurin bakanike. Sai da muka jira makonni kafin layi ya zo kanmu, kuma da awa ake biya, ba da aiki ba. Tsadar awar nan ce ta sa mutumin bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. A giya ɗaya take fita ko a dukkansu? In an murɗa totur ne ko in an sake shi? Tana shiga da ƙara? In duk giyoyin ne ke zamewa, ya ce, a fara zargin ɗan sifirin da ke danne farantin zaɓen giya, domin in ya saki babu abin da ke riƙe ta a mazauninta. A wannan babur daga ƙarƙashin giyabos ake kwance shi, noti ɗaya tal. Ya duba shi, ya duba kuloci ko yana sakin gaba ɗaya, ya tsiyaye man giyabos a faranti yana neman garin ƙarfe. Duk wannan ba a buɗe komai ba.

Da ya tabbata giya ta biyu ce kaɗai, kuma sai an ɗora mata nauyi, ya ce haƙoran gefe ne, waɗanda ke sarƙe giya da 'yar uwarta. Da aka buɗe, haka ne: kusurwoyinsu sun side kamar tsohon tsabar kuɗi, suna ture juna maimakon su kama. Cokalin da ke tura giyar ma ya yi shuɗi don zafi, saboda dattijon ya daɗe yana danne feda da ƙafa don kada ta fita. Abin da zai burge ka, ta murfin gefen dama ake zaro kayan ciki, ba sai an raba inji biyu ba kamar yadda muke yi wa Jincheng da Boxer. Giyar ma a ƙafar dama take, birki a hagu. Ga kuma notunan da sifanunmu na milimita ba sa kamawa.

Kayan gyara kuwa, nan suka fi mu nesa ba kusa ba. Masana'antar Triumph ta Meriden ta rufe a 1983, amma har yau akwai masu ƙera giyoyin sabbi fil. Ka duba lamba a littafin babur, ka aika, su zo ta gidan waya. Mu da Kofar Ruwa za mu nufa, in ba a dace ba a kai wa mai walda ya cike haƙoran a goge. Zai tashi a ranar, amma wuta ta riga ta kashe taurin ƙarfen, bayan 'yan watanni a dawo gidan jiya.

Sai dai a saurin hannu ban ga wanda ya kamo ka ba. Aikin da za ka gama kafin la'asar, a nan babur ya shafe kusan wata a kan benci, kuɗin kuma zai sayi sabon Boxer a Kano har da canji. Tambayoyin nan na farko dai, don Allah a koya wa yara su riƙa yi kafin su kwance injin ɗan acaɓa.

A gaida Hajiya.