Ya cinye min Naira 65,000, ya kuma lalata min daɓen falo

Jama'a, kwana uku ke nan ban yi baccin kirki ba. Naira 65,000. Kuma ba kuɗin ne kaɗai ke ci min rai ba, daɓen nan marigayi Baba ne ya sa aka shimfiɗa shi da jan bulo gasasshe tun muna yara.

Kafet muka naɗe a falo saboda bikin ƙanwata. Ashe soson robar da ake sawa a ƙarƙashinsa ya narke ya kama bulon. Shekara bakwai ba a ɗaga shi ba, ga zafin Kano na watan Afrilu, ga nauyin kujeru. Wani wajen ya yi baƙi yana danƙo kamar cingam, wani wajen ya bushe ƙamas. Bulo kuma ba tayil ba ne, yana da ƙananan ramuka, duk robar ta shige ciki.

A Facebook na ga tallar wani mutum, wai yana cire robar da ta kama daɓe. Bidiyo ne: ya zuba wani ruwa a ƙasa, ya jira kaɗan, ya ja robar ta taso kamar ɓawon ayaba. Na kalla ya fi sau goma. Sai yanzu na lura a kan tayil mai santsi ya yi, ba bulo ba.

Ni ba yarinya ba ce. Shekara 12 ina sana'ar atamfa, na san ɗan damfara tun daga sallamarsa. Na tambaye shi shago, ya ba ni kwatance. Na ce ya turo hoton aikin da ya yi a baya, ya turo. Amma abin da ya kashe min jiki, muna cikin magana ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, an kira la'asar, in na idar zan kira ki." Kuma ya kira. Ya ce, "Hajiyata, kuɗin aiki ki riƙe abinki sai kin gani da idonki, na magani kawai za ki bayar, daga Dubai yake zuwa." Ki riƙe abinki sai kin gani da idonki. Wallahi maganar nan ita ke min yawo a ka. Wane ɓarawo ne zai ce ki riƙe kuɗinki? Na tura 40,000.

Sauran 25,000 ɗin ranar Laraba na tura. A'a, Alhamis, don Laraba yaronsa ya zo. Shi kansa ban taɓa ganin fuskarsa ba, wai yana wani aiki a Kaduna. Yaron ya zo da jarka mai lita huɗu, ba ko takarda a jikinta, ya tuttula a falon. Nan take tsakanin bulo ya hau kumfa yana tsuwa, wari ya turnuƙe, autana ya kama tari sai da muka fita tsakar gida. Na ce lafiya? Ya ce, "Mama, aiki yake yi, a bar shi ya kwana." Har kuɗin mota na ba shi.

Da safe roba tana nan daram. Simintin da ke tsakanin bulon kuwa ya zama gari, da yatsa nake kwashe shi, bulon ya yi dabbare-dabbare fari. Na kira shi ina faɗa, ko a jikinsa. Wai ai mataki na farko ke nan, akwai na biyu mai wanke na farkon, 25,000, in ba a zuba yau ba daɓen zai tashi aiki. Tsoro ne ya sa na tura, ba wauta ba. Biki saura kwana tara, me kuke so in yi? 40,000 da 25,000. Naira 65,000. Kafin magariba ya toshe lambata. Maigidana ya bi kwatancen shagon, ya tarar da mai sayar da gas.

Wani dattijon magini ne ya zo, ya sunsuna jarkar, ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, asid ne, irin na wanke siminti a jikin tayil. Asid ba ya cin roba, siminti yake ci." Ya sa muka yi ta ɗauraya da ruwa mai yawa, sannan ruwan kanwa don ya kashe ƙarfinsa. Ya kuma ce Allah ya taimake mu ba mu bi da bilic ba, don haɗuwarsu iska mai guba take fitarwa. Robar kuma da ruwan zafi da omo muke jiƙa ta, mu kankare da abin roba mai kaifi, mu bi da burushi mai tauri. Inda ta ƙi, a gasa ta da dirayar gashi ta yi laushi. Bulo ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe. Kwana biyu muna yi, ko rabi ba mu yi ba, ga kuɗin sake cike siminti yana jirana.

Rasit ɗin duka biyu yana wayata, da muryarsa inda yake cewa in riƙe kuɗina. Zan ɗora su da daddare in yarana sun nuna min yadda ake rufe lambar asusuna.

Kada ku tura wa kowa kuɗi kafin ya zo da ƙafarsa. Jarka marar suna kada ta shiga gidanku. Komai za a zuba, a fara gwadawa a lungu.

An kira la'asar, in ji shi. Allah ya isa.