Cajin bas mai lantarki a tasha: wanne zai jure kuran da ƙurar Maradi?

Duk mai tunanin shigo da bas masu lantarki Maradi, ɗan kasuwa ne ko hukumar gari, ya fara zaɓar hanyar caji kafin ya zaɓi motar. Layin da ke ba mu kuran daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma mun ga halin da aka shiga a watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke shi. Na'urar da ta dogara kacokan ga Nigelec, kamfanin wutar Nijar, a daidai lokacin da bas ta tsaya ba tamu ba ce.

Ni abin da na fi so shi ne turke mai hannu a ƙarshen hanyar bas. Bas ta tsaya ƙarƙashinsa, hannun ƙarfe ya sauko ya dafa sanduna da ke kan rufinta, kuran ya shiga. Tsarin da aka fi sani shi ne OppCharge, wanda kamfanonin Volvo da ABB suna cikin waɗanda suka tsaya masa, ƙarfinsa daga kilowat 150 har 600. Yi lissafi: kilowat 300 na minti 6 ya ba ka kilowat-awa 30, abin da zai ja bas mai mita 12 wajen kilomita 20 ko da sanyaya na aiki. Kafin direba ya sha ruwa fasinja su gama shiga a bakin Babbar Kasuwa, mota ta ƙoshi. Batirinta bai buƙatar girma, nauyi ya ragu, wurin zama ya ƙaru.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne hannun yana jikin turke. Mai bas goma da turke biyu hannu biyu zai riƙa sharewa da shafa wa mai lokacin hunturu, maimakon goma a kan rufi suna cin ƙura dukan yini. Kuma tsarin a buɗe yake, motar wani kamfani na iya sha a turken wani. Sharaɗina dai a haɗa turken da babban batir na ajiya da farantan rana, batirin ya riƙa tara kuran sannu a hankali, ya juye wa bas da ƙarfi idan ta iso. In babu wannan, ka shirya sayen taransifoma naka, kuma ranar da aka ɗauke wuta motocinka duka sun kwanta. A gareji kuma a ajiye caja mai waya ta CCS2, wato irin bakin cajin motocin Turai, saboda ranar da turke ya ƙi.

Hannun da ke kan rufin mota, irin na Eindhoven a Holand tun 2016, yana aiki, amma kowace mota da nata hannun da za ka riƙa gyarawa. Tsarin TOSA na birnin Janeba yana ba da kilowat 600 cikin daƙiƙa kamar 20 a tashoshin kan hanya, abin sha'awa ga mai kuɗin Suwis. Cajin da ake binnewa cikin titi kuwa, wanda Turin ta Italiya ta fara tun wajen 2003, a bar shi har sai ruwan damina ya daina kwanciya a kwaltarmu.

Inda nake son a buɗe ido shi ne batir. An taɓa sayar mini da batirin sola na shago, an rubuta 200Ah a jiki, kwali sabo fil. Da aka buɗe shi sai ga tsofaffin ƙwayoyi an goge su an jera. Wannan ha'incin ne ake yi da bas, sai dai da miliyoyin sefa. Za a nuna maka tsohuwar mota daga Sin an sake mata fenti, a ce sabuwa ce. Nemi takardar lafiyar batir, kuma a gwada a gabanka: a cika shi, a yi tafiya da kaya, a auna abin da ya rage. Tambayi irinsa. Batirin lithium irin wanda ake kira LTO ne ya fi jure caji mai ƙarfi sau da yawa a yini. Ƙaramin batir na wani irin, LFP, in aka matsa masa da kilowat 450 zafi zai yi ya tsufa da wuri. Duba bakin cajin ma, don motocin kasuwar Sin irin nasu mai suna GB/T suke da shi, bai shiga CCS2, kuma mai saidawa zai ce ai akwai mahaɗi.

Lambar kilowat da ke jikin caja kada ta ruɗe ka. Caja na rage ƙarfinta da kanta idan ta yi zafi, mu kuwa a Afrilu muna wuce digiri 40 a inuwa. A rubuta cikin yarjejeniya ƙarfin da za ta bayar a digiri 45, da matakin kariyarta daga ƙura, aƙalla IP54. Kada ka biya cikon kuɗi sai an horar da makanikanka na nan, an ajiye kayan gyara a Maradi, kuma an ba ka lambobin shiga manhajar a hannunka. Wanda ya ce injiniyansa zai riƙa zuwa daga waje duk sa'ad da aka kira, ka tambaye shi wa zai biya jirgi da masauki, ya sa amsar a takarda.