Garin filasko na ƙulli: yana aiki, awonsa ne matsala

Duk mai kasa magani a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis yana da ƙullin "wankin ciki", kuma galibi filasko ne a ciki, wani lokaci da tsamiya ko jar kanwa. Maganar gaskiya, yana aiki. Sinadarin ganyen sai ya isa babban hanji yake tashi, ya sa hanjin motsi ya tara ruwa. Shi ya sa yake ɗaukar awa 8 zuwa 12: a sha bayan Isha'i, a zaga da safe.

Aibinsa awo. "Ɗebi da yatsa uku" ba ma'auni ba ne, kuma ƙullin yau ba lallai ya zo da ƙarfin na makon jiya ba. Babba ya fara da rabin ƙaramin cokali, kada ya wuce giram 2, a jiƙa minti 10 a kofin ruwan zafi a tace. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga awa biyu shiru ya ƙara, asuba ta same shi da murɗa da zawo. Fitsari kan yi ja-ja, wannan ba komai. Ƙwayar Senokot ta kemis dangin ganyen ce, kowace na ɗauke da miligiram 7.5 na sinadarin, ta fi ƙulli tabbas ko da ta fi tsada.

Kada a wuce mako guda ana sha. Zawon yana kwashe sinadarin fotashiyam, abin da ke da haɗari ga mai shan Lasix (maganin sa fitsari) ko digoxin (maganin zuciya). Ƙullin da aka haɗa da kanwa kuwa, mai hawan jini ya bar shi a faifan mai shi. Mai juna biyu da yaro ƙasa da shekara 12 sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Wanda taurin bayan gida ya zame masa jiki, Fybogel, garin kemis mai tausasa bayan gida, ya fi masa: leda ɗaya a cikakken kofin ruwa, sai dai yakan kai kwana 2 zuwa 3, kuma in ruwa ya yi kaɗan ƙara toshewa yake. Miyar kuka, kuɓewa, rama da gwanda ma aikin da suke yi ke nan. A kuma duba ko ƙwayar ƙarin jini ko tiramol ce sila.

Jini a bayan gida, ramewa, ko kumburin ciki da amai babu ko tusa, wannan na asibiti ne. Filasko a hanjin da ya toshe ɓarna yake ƙarawa.