Direbobin manyan motoci na Sakkwato, ku yi hattara da wani mai tallan inbata

Naira 185,000 wani ɗan damfara ya ci mini a cinikin inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, a cikin garinmu, da rana tsaka. Kwana huɗu ina jin kunyar faɗa, amma abin ya ƙi barina in yi barci.

Kada wanda ya ce mini ban san mota ba. Shekara 14 ina jan tirela, ina ɗaukar siminti daga Kalambaina zuwa Gusau, Funtuwa, har Kano. Na san DAF batir biyu gare ta, bolt 24 take aiki da shi. Shi ne ma abin da na fara tambayarsa: "Malam, ta 24 ce ko ta 12?" Ya ce, "Haba Alhaji, in ba ka ta 12 a babbar mota? Ai ƙonewa za ta yi." Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali. Har yanzu ina jin ta a kunnena.

Fanka da ƙaramin firij kawai nake so a kan mota, da wurin cajin waya. Wanda ya taɓa kwana a layin lodi cikin watan Afrilu ya san abin da nake nufi.

Hayaƙin ya tashi ne daga inbatar kafin mu kai Dange. A'a, bari in koma baya. A Facebook na fara ganinsa, muka koma WhatsApp, sannan ya same ni inda muke ajiye motoci. Ya gwada a gabana! Ya haɗa da batir biyu, fanka ta juya ba ƙara, ya ce mai tsabtar wuta ce wadda ba ta lalata firij, wat 3,000. Na ɗaga na ji nauyi. Na miƙa kuɗi ya ce sai mun yi sallar Azahar tukuna, sahu ɗaya muka tsaya da shi. To wa zai zargi irin wannan? Bayan salla na tafi wajen mai POS ciro cikon 60,000 a kan 125,000 da na tura masa, na dawo na tarar ya naɗe kwali da salatif, wai saboda ƙura. Minti goma ban yi ba. Yaron motata yana can yana sayen fura.

185,000, kuɗin da na ɗauki wata uku ina tarawa.

Ni da yaron muka haɗa ta, laifina ke nan guda ɗaya, don na ƙi biyan rewaya. Da muka dawo na kai masa, sai ya ɓare takardar da ke jiki da farce: bolt 12, wat 500 a ƙarƙashi. Ya kwance ta, sai ga guntun ƙarfe an manna a ciki don nauyi. Ya ɗaga wayar da ta zo a kwalin yana dariya, ya ce, "Maigida, wat 3,000 a bolt 24 ya kai amfiya 125, wagga waya ko rediyo ba ta ɗauka." Babu fiyus kuma. Allah ne ya tsare, da kan motar mutane ya kama wuta, katifata tana dab da wurin.

Lambar mai inbatar a kashe tun ranar Laraba, ko Talata ma. Hoton hirarmu da na alat ɗin 125,000 da na tura masa duk suna nan, zan ɗora su da dare in na samu caji, tunda inbatar da na saya don caji tana kwance a kwali.

Ku je da rewayanku, a haɗa a motarku a gabanku, fiyus kusa da batir, sannan ku biya. Wadda aka gwada, kada ku bari ta bar hannunku.

Ni da shi kuwa sai a gaban Allah, ban yafe ko naira ɗaya ba cikin 185,000.